Matar Bangon Matanite

Macen da na fi jin kishinta a rayuwata ba ta numfashi, ba ta cin tuwo, ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini ko sannu ba. Da fenti aka yi ta, kuma mijina ne ya yi ta da hannunsa. Na san za a yi mini dariya, an ma riga an yi, to a ƙara. Ni dai zan faɗi yadda abin ya kasance, har da wurin da ban kyauta ba.

Maigidana mai zane ne. Duk wanda ya san layin kamiyon, manyan motocin kaya, da ke jiran duwan, wato kwastan, a Gaya kafin su haye gada zuwa Malanbil ya san rumfarsa, ta kwano ce, duk ta ɗiɗɗige da launi kamar jikin zabuwa. Direba zai yi kwana huɗu yana jiran takardu, zaman ya ishe shi, sai ya zo a zana masa zaki a bayan mota, ko mikiya, ko giginya biyu rana tana faɗuwa a tsakaninsu. Masu aski suna kawo allunansu ya jera musu kawunan maza, kowane da irin gyaransa. Mace kam bai taɓa zanawa ba. Direbobin Kwatano sukan zo da wata a jikin motarsu, rabi mace rabi kifi, gashi har gadon baya, ƙirji a waje, in fentin ya koɗe su ce ya sabunta musu. Yakan ce su kai wa wani. Ni kuwa har tinƙaho nake yi da wannan a cikin mata, ina cewa nawa mijin idonsa a kan zakuna yake.

Ni ƴar Tanda ce, aure ya kawo ni Gaya ina da shekara ashirin. Na haihu biyar, huɗu suna raye. Na farin namiji ne, wata bakwai ya yi a duniya, zazzaɓin damina ya ɗauke shi a kwana uku. A wurinmu ɗan fari ɗan kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Surukata, Allah ya jiƙanta, ita ke ɗaukarsa ta yi masa wanka ta goya shi, in ya yi kuka a miƙo mini in ba shi nono a karɓe. Ranar da ya rasu ma ban yi kuka a fili ba, kuma tsofaffi sun yaba, suka ce yarinyar tana da kawaici. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, a lokacin ba kowa ke da waya mai ɗaukar hoto ba. Daga nan ni da maigida ba mu sake ta da maganarsa ba, shekara goma sha tara.

To, shekarun baya kaɗan aka gina sabuwar matanite, wato ɗakin haihuwa, a likitar unguwarmu, asibitinmu ke nan, da dogon bango fari yana kallon hanya. Shugabar ungozomomin wurin, wadda kowa ke kira Madam, ta aiko a kira maigida. Tana son a zana uwa tana shayar da jariri, babba yadda kowa zai gani daga nesa, saboda ta gaji da faɗa da kakanni masu ɗura wa jarirai ruwa da jiƙo suna matse nonon farko su zubar. Ta ba shi wata takarda daga Yamai ta ce ya kwaikwaya. Ya kawo ta gida, ya shimfiɗa a tabarma, ya daɗe yana kallo. Ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa ganin mai jego ba, ta riƙe ɗan kamar ta sayo kankana. Na yi dariya, na ce to ya mayar musu da abarsu. Bai mayar ba, ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin katifa, washegari ya ɗauki tsani ya tafi.

Kwana tara ya yi a jikin bangon nan. Mutumin da ke dawowa da labaran direbobi har sai na ce ya isa, ya koma shiru. In na ajiye masa abinci ya ci loma uku ya ture. Da na tambaye shi ko lafiya, ya ce rana ce ta buge shi. Ban kawo komai a raina ba.

A bakin famfo na fara ji. Maƙwabciyata, wata mai bakin da ba ya rufuwa, ta sauke tulunta ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe mai zakuna ya san mace haka. Sauran suka fashe da dariya. Wata ta ce ita da ta gani sai da ta ji nata ƙirjin ya amsa, alhali ɗanta na ƙarshe yana lakwal, ya shiga makarantar boko. Wata kuma ta ce irin wannan ba a zana shi da ka, sai an zauna an kalla, an sake kalla. Na yi dariyar yaƙe, na cika tuluna rabi na tafi. Tun daga famfo har gida maganar nan ta ƙarshe tana bina.

Da la'asar na yafa mayafi na ce zan je gaida mara lafiya. Ban ƙarasa likitar ba, na tsaya a tsallaken hanya, gindin wani bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, inda ba wanda zai ce ga matar mai zanen ta zo leƙen asiri.

Kai! Na gan ta. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa ɗaya, zane shuɗi a ƙugu, riga ta ɗage ta gefen hagu. Nonon a cike yake, a tsaye, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, har wata jijiya koriya ta bi ta gefensa, daga inda nake tsaye ina hango ta. Jaririn ya kama ya lumshe ido. Dogon wuya gare ta, kafaɗa a sake, bayan nan a miƙe. Fuskar ce babu. Ta kau da kai gefe tana kallon wani wuri can, kunci da kunne kawai ake gani.

Wallahi na daɗe a tsaye ina kallonta. Na dubi ƙirjina ta cikin mayafi, shayarwa biyar ta mayar da shi kamar tsofaffin silifa, na sake dubanta. Jijiya! Namijin da ya san akwai jijiya a nan ba wucewa ya yi ya hango ba, kusa ya zauna. Sannan me ya sa ya ɓoye fuskar? Ni a take na yanke hukunci, ya juyar da ita ne don kada gari ya gane ko wace ce. Daga baya na ji cewa Madam ma ta yi ƙorafi, ta ce uwa ɗanta take kallo in tana shayarwa, ya gyara. Ya ce mata in dai shi zai zana, haka za ta zauna, in ba haka ba ta nemi wani. Mutumin da direba zai ce ya ƙara wa zaki haƙori ya ƙara ba musu, yau shi ke jayayya a kan wuyan mace. Wannan ya ƙara tabbatar mini.

Na shiga neman mai ita. Wadda na fara zargi wata Badandiya ce mai soya kifi daura da rumfarsa, yarinya ɗanya da goyo, ba ruwanta da kowa, tana juya kifi da hannun dama tana shayarwa da hagu. Ni da kifin kasuwa bai dame ni ba, sau uku na je na saya a mako guda. Ina taya kifi idona yana cikin rigarta. Baiwar Allah tana ta yi mini fofo, sannu ke nan a yarensu, tana ƙara mini gyara saboda ni matar maƙwabcinta ce, ni kuwa ina auna wuyanta da ido. Gajeren wuya gare ta, kafaɗa kamar ta ɗan dambe. Ba ita ba ce, na ji haushin kifin da na ci.

Sai tunanina ya koma inda bai kamata ba. Ƙanwata ta yi wankan jego a gidanmu shekara biyu kafin nan, kwana arba'in tana zaune a tsakar gida tana shayarwa, maigida yana shiga yana fita. Ita ma dogon wuya gare ta, irin na gidanmu ne. Da wannan ya faɗo mini sai da na zauna a kan turmi. Ta kira ni a waya daga Yelu sau biyu a makon nan, na farko na amsa mata ciki-ciki, na biyu na bar wayar ta yi ta kuka. Ƴar uwata ciki ɗaya, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Har yau ban gaya mata dalili ba, in ta karanta wannan ta yafe mini.

A gida kuwa na zama abin tsoro. Yara suna ganina su bi bango. Miya ta yi gishiri, tuwo ya yi gudaji, ni ko a jikina. Na fara sa rigar mama mai ƙarfe a ciki wadda na saya a kasuwar Malanbil, tana cizona kamar kunama, don kawai in ga ko zai ɗaga ido. Bai lura ba, ko ya lura ya yi shiru. Na yi ta zagaye-zagaye da habaici, ina cewa wasu dai sun iya kallo, yana cewa uhm. Rannan da safe yana wanke buroshi da kananzir a bakin ƙofa, na gaji, na tsaya a kansa.

“Malam, wace ce?”

Bai tambaye ni wa nake nufi ba. Ya ci gaba da matse buroshin a tsumma.

“Kin je kin gani?”

“Na gani.”

“Daga ina kika tsaya?”

“Daga gindin bedi. Ai ba sai na sa hanci a ciki ba, makaho ma ya gani.”

Ya ɗago ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, “To.” Ya tattara kayansa ya fita.

To! Shekara ashirin da aure, amsata ke nan, to. Da ya yi mini ƙarya ma da na fi jin daɗi. Na shiga ɗaki na cire rigar maman nan na yi jifa da ita, na zauna ina huci. A ranar na ƙudura cewa matar nan ba za ta ci gaba da zama a bakin hanya tana buɗe wa mijina ƙirji ba.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ne limamin masallacin unguwar. Tsoho ne mai sauƙin kai, bai ma san da zanen ba, idonsa ya yi rauni kuma ba ta nan yake bi ba. Na dafa masa dambu na kai masa, na durƙusa na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Na ce Kawu, wani abu yana damuna, ina tsoron alhaki a kan maigidana. Na ce tsiraicin mace ne a bakin hanya, ƴan kabu-kabu sun mayar da wurin tasharsu, suna zaune a kan babura suna nuni da baki suna ɗauka a waya, ga yara ƴan lakwal suna wucewa. Maganar ƴan kabu-kabu gaskiya ce, na gan su. Amma tsoron Allah ba shi ya kai ni ba, kuma na san haka tun ina durƙushe. Kawu ya yi ta sa mini albarka, ya ce samun mace mai kishin addini irina sai an tona. Kishi kam akwai, bai dai san irinsa ba.

Bayan kwana biyu shi da dattawa uku suka je wurin manjo, babban likitar wurin. An ce Madam ta yi faɗa har ɗankwalinta ya zame. Ta ce tun da aka yi zanen mata masu ciki suke tsayawa a gabansa su yi shiru, har wata tsohuwa daga ƙauye ta shafa bangon ta ce Allah ya raya. Ta ce wane ne a cikinsu bai sha abin da suke kira tsiraici ba. Manjo ba ya son rigima da unguwa. Aka tsaya a kan cewa ba za a goge ba, amma mai zanen ya lulluɓe ta da mayafi daga kafaɗa har cinya.

Maigida ya dawo ya gaya mini a taƙaice, bai ambaci Kawu ba, ni ma ban ambata ba. Na ce Allah sarki, aikin kwana tara. A raina kuwa guɗa nake yi. A daren na yi miyar kuɓewa da naman rago, gishiri daidai.

Da safe ya haɗa fenti ruwan ƙasa a babban gwangwani, ya saɓa tsani, ya ce in zo in riƙe masa, ƙasan wurin ba daidai yake ba. Bai taɓa neman in bi shi wurin aiki ba. Na ɗauka so yake ya kunyata ni, na ce a raina mu je, ni da na ci nasara. Na sa atamfata mai kyau, na ɗauki gwangwanin a ka, muka bi hanya yana gaba ina baya, mutane suna gaishe mu.

Ya jingina tsanin a gefenta ya hau. Na kama ƙafafun tsanin, na kau da kai, don na rantse ba zan ba ta darajar kallo ba. Amma bango ne a gaban hancina, ina zan kai idon? Daidai fuskata hannunta na dama yake. Daga tsallaken hanya na ɗauka a cinya ta ajiye shi. Ashe ta cusa shi ne ta ƙarƙashin gefen zane, a ɓoye, ta kama ƙafar jaririn, babban yatsanta yana kan ƴan yatsunsa. Haka kawai na ƙirga su, kamar yadda kowace uwa ke yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ga na shida a gefen ƙaramin, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa.

Ɗana na fari da cindo aka haife shi a ƙafar hagu.

In an miƙo mini shi a tsakar gida, surukata da ƴan barka suna zaune, nakan karɓe shi kamar an ba ni ajiyar wani, in sa masa nono, in kau da kai ina kallon rumbu, don kada a ce ba ni da kunya. Amma hannuna yana ƙarƙashin zane, ina murza ɗan yatsan nan a hankali. Iyakar wasan da na taɓa yi masa ke nan a gaban mutane, kuma na ɗauka daga ni sai Allah muka sani. Na ɗaga kai na dubi wuyan matar, na dubi yadda ta juyar da fuska. Ba ɓoye ta aka yi ba. Kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san mace ɗaya ce ke shayarwa tana kallon gefe, mai ɗan fari. Ni da na yi abin da kaina wata bakwai, ni ce ban gane ba, ina can ina auna wuyan mai kifi.

Na shagala har tsanin ya karkata. Maigida ya leƙo ya ce in riƙe da kyau.

“Malam, a ina ka gani?”

“Ta kafar zanar da ta kewaye gida. Ina zaune a waje ina wanke buroshi.” Ya tsoma buroshin a fenti ya goge a bakin gwangwani. “Ni ma ai ba a bari in ɗauke shi.”

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma kunyar ta hau kansa, a gaban uwarsa ko kallon yaron ba ya yi. Ranar da aka kai yaron makwanci ya dawo ya buɗe rumfa ya zana wa wani direba mikiya, mutane suka ce namiji ne. Ina ta jin haushinsa a kan wannan mikiyar shekara goma sha tara ban faɗa ba.

Na ɗan ja baya ban saki tsanin ba, na dubi fuskar jaririn. Shi ne. Goshin nan mai faɗi, kunnen da ya ɗan lanƙwashe a sama, yadda yake tattara gira in yana tsotso kamar ana yi masa gardama. Na manta da kunnen, wallahi na manta, uwa guda. Shi bai manta ba. Ban taɓa kallon yaron nan ido da ido da rana tsaka a gaban jama'a ba sai ranar, a bakin hanya, babura suna wucewa.

Na ce ya sauko. Na ce kada ya taɓa, zan koma wurin Kawu in gaya masa gaskiya, in ce ƙarya na yi, kishi ne. Ya ce dattawa huɗu sun taka sun je, manjo ya ba su magana, shi ma ya ba manjo magana, in aka fasa yau gobe wani zai zo da farar ƙasa ya shafe duka. Bai ɗaga murya ba, bai ce ke kika jawo ba. Da ya faɗa ma da na sami abin riƙewa.

Ya fara daga kafaɗa. Ina riƙe da tsani ina kallo ruwan ƙasa yana sauka, ya ci wuyan rigar, ya ci jijiyar nan da ta hana ni barci mako uku, ya rufe nonon da na yi ta zagi a raina, nawa. Har ninkin mayafin yake fitarwa da kyau, don shi ba ya iya aikin banza ko yana so. Da ya iso kan jaririn ya tsaya. Ya sauko matakala biyu, ya ce zai sha ruwa, ya tafi wurin randar masu jinya ya daɗe. Na san ba ƙishirwa yake ji ba.

Na saki tsanin na matsa. Sai da na yi ɗage kafin hannuna ya kai kuncin jaririn, bangon ya ɗau zafin rana, ɗumi kamar jikin mutum. Na kira sunansa. Sau ɗaya aka raɗa masa shi a kunne ranar suna, ni kuwa bakina bai taɓa furta shi ba, sai na ji ya fito mini baƙo. Na sake kira. Wata mai ciki da ke zaune a benci ta dube ni ta kau da kai, Allah ya saka mata.

Da ya dawo na ce, “Ka bar mini ƙafar.”

Ya ce, “Da ma ba zan taɓa ta ba.”

Ya hau ya ƙarasa. Kafin azahar mayafi ya rufe komai, daga kafaɗa har cinya kamar yadda aka ce. A ƙasan gefensa kawai ƴar ƙafa ta leƙo, da hannu yana riƙe da ita. Madam ta fito ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ce yanzu sai a rubuta a ƙasa cewa shayarwa take yi, don ba mai ganewa, kamar mai ɓoye kaza. Ta harare ni, ina jin labari ya kai mata. Na ɗauki gwangwanin da babu komai a ciki na bi bayan mijina.

Na nemi hoton zanen na farko. Na aje kunya na je wurin ƴan kabu-kabun nan da na kai ƙara, na tambaya ko akwai wanda ya ɗauka. Ɗaya ya laluba wayarsa ya miƙo mini yana sunne kai. Ɗan banza ƙirjin kaɗai ya ɗauka, ya jawo shi ya cika gilashin, ko goshin yaron bai shiga ba. Na roƙi maigida ya sake zana mini fuskar a takarda, ƙarama, in sa a akwati. Ya gwada sau biyu, yaro ya fito kyakkyawa, amma ɗan wasu ne. Ya yage, ya ce sau ɗaya ta zo masa, a kwana na bakwai, shi ma bai san daga ina ba. Na ce ko za a iya kankare mayafin a hankali. Ya ce fentin mai ne a kan fentin mai, in an kankare tare za su tashi.

Rannan ina wanka na duba gefen hagu da madubi. Jijiyar tana nan, ta dushe ta yi ƙasa tare da sauran, amma tana nan. Na yi dariya ni kaɗai a banɗaki har ƴata ta tambaya ko lafiya.

Yanzu in zan je kasuwa ta hanyar likita nake bi, ko da ta fi nisa. Ba na tsayawa gindin bedi, ina tsallakawa in bi ta jikin bangon, in ba kowa in shafi ɗan yatsan in wuce. Wurin har ya fara duhu saboda hannuna. Mutane suna ɗauka na daina kishin matar tunda na san ko wace ce, maƙwabciyata ma ta ce ai yanzu sai in kwantar da hankali. Ina! Ban taɓa jin kishinta kamar yanzu ba. Shekararta ashirin, ba za ta ƙara ko kwana ɗaya ba, damina ta zo ta wuce ba abin da ya same su. Nawa na ba da shi an tafi da shi ban ko yi kuka ba, ita nata yana cikin mayafi yana sha, tana riƙe da ƙafarsa. Kuma har yau shashashar ba ta juyo ta dube shi ba.